Na'urar da Na Kafa a Jirgin Maigidana

Shekarar da maigidana ya ajiye tuƙin tasi, na ɗauka hutawa zai yi irin ta sauran dattawanmu na Bronx, wato masallaci, shayi, da gardamar siyasar gida a waya. Sai kawai ya shigo wata ranar Asabar yana wani murmushi da na san akwai magana a bayansa, ya ce min ya sayi jirgin ruwa. Na ce jirgin me? Ya ce na ruwa, mai tafiya da iska. Na ajiye ludayin da ke hannuna na dube shi da kyau, don in tabbatar mutumin da na aura ne yake magana.

Shi ɗan Yawuri ne, a bakin kogi ya buɗe ido. Duk shekarun da ya yi yana yawo da fasinja a titunan New York, in ya hau gada sai ya rage gudu ya leƙa ruwa, na bayansa su yi ta danna masa ham. Ni kuwa Bakanuwa ce ta cikin badala. Ruwan da na sani shi ne na famfo da na kududdufi, kuma ko na kududdufin daga nesa muke gaisawa. Saboda haka ban yi murna ba, ban kuma ɓoye ba. Na yi faɗana har na gaji, ya bar ni na gama, ya ɗauki hularsa ya tafi wajen jirginsa.

Jirgin tsoho ne, farin fentinsa ya koɗe, yana ɗaure a wata matsayar jirage a tsibirin City Island. Daga gidanmu a Concourse Village sai ka sha canjin sabwe, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, har Pelham Bay, sannan ka hau bas ya tsallakar da kai gada. Ranar da ya kai ni na gani, na sauka wata 'yar matakala na tsinci kaina a wani ɗaki a cikin cikin jirgin, wanda in na miƙa hannuwa zan kusa taɓa bango biyu. Akwai benci biyu suna kallon juna, da ɗan risho na gas, a can gaba kuma wani gado mai kusurwa uku kamar samosa. Injin yana ƙarƙashin matakalar. Ko'ina warin danshi da na man dizal, na kuwa faɗa masa haka tun kafin in zauna.

Ba ya nisa da shi. In akwai iska ya ɗaga ƙyallen da iska ke turawa ya ɗan zaga ya dawo, in babu ya zauna a ɗaure yana goge-goge da ɗaure-ɗaure. Bayan azahar ya sauka ciki ya kwanta. Gaskiya na ga canji a jikinsa, ya daina zaman tagumi a gaban talabijin, ciwon bayansa ma ya yi sauƙi. Har na fara sakin raina.

Da kaka ta shigo, sanyi ya fara, sai ya riƙa dawowa da ciwon kai. Ya shigo ya zube a kujera, ya ce kansa na sara, zuciyarsa na tashi, abinci ma sai anjima. Da safe kuma ya tashi garau. In na tambaya ya ce kaɗawar ruwa ce. Mutumin da ya koyi tafiya a cikin kwalekwale, yau shi ne ruwa yake sa wa jiri, a jirgin da ke ɗaure da igiya? Ban yarda ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Duk hunturu sai an kawo mana mutanen da suka kunna abin gashi don ɗumama ɗaki suka rufe tagogi, wasu a farfaɗo da su, wasu a makara. A gida ma wa bai san labarin gidan da aka kwana da janareta a soro, gari ya waye ba wanda ya tashi ba? Iskar da ke yin wannan ɓarna ita ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Ciwon kai take fara kawowa da jiri da kasala, mutum ya ji barci kawai yake so, in ya kwanta kuma shi ke nan. Ga mijina yana barcin rana shi kaɗai a cikin akwati rufaffe, inji a ƙarƙashinsa, risho a gefensa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda in ina tsaye a wurin aiki sai in ji gabana ya faɗi babu dalili.

Na tare shi da maganar yana cin abinci.

"Alhaji, akwai alam a jirgin nan?"

"Alam na me? Ɓarawo zai sa jirgi a aljihu ne?"

"Na iskar guba nake nufi."

"Haba Hajiya. In akwai hayaƙi ai zan ji."

"Ita wannan ba a jin ta. Kuma ko ana ji, da wane hancin?"

Ya ajiye cokali. Tun da korona ta kwantar da shi, ya tashi lafiya amma hancinsa bai tashi tare da shi ba. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Ba ma yawan tayar da zancen a gidan, shi ma ba ya ƙorafi, har mukan manta. Bayan ɗan lokaci ya ɗauki cokalinsa ya ce in yi yadda na ga dama, amma kar in mayar masa da jirgi asibiti.

Washegari na biya wani shagon kayan gyaran gida a unguwarmu na sayi irin na'urar da muke da ita a falo. Autarmu, wadda ke jami'a, ta gan ta a kan tebur ta juya kwalin ta karanta. Na yi mata bayani da Hausa, ta amsa min da Turanci kamar kullum, wai wannan ta gida ce, jirgi yana da tasa daban. Na ce iskar guba ai ɗaya ce, ko ta ruwa tana da wani yare ne? Ta yi dariya ta nuna min a wayarta. Ashe gishirin teku da danshi da girgizar jirgi suna lalata ta gida da wuri, ta mutu a tsaye kana ganin fitilarta kana zaton tana aiki. Na mayar da ita shagon ina ƙunƙuni.

A tsibirin akwai wani shagon kayan jirage, can na je. Mai shagon ya tambaye ni girman jirgin, da wurare nawa ake kwana a ciki, sannan ya jera min iri uku a kan kanta. Ɗaya ana jona ta da batirin jirgin. Ɗaya tana cin ƙananan batura irin na tocila. Ta ukun batirinta a liƙe yake a cikinta, ba a buɗewa, in wa'adinta ya cika sai a jefar a sayi sabuwa, kuma ga ranar ƙarewar a rubuce a bayanta.

Shi mai shagon ya fi yabon wadda ake jonawa, amma shi bai san Alhaji ba. Alhaji yana kashe babban makunnin wutar jirgin duk lokacin da ya ga dama, wai kar batir ya zuƙe. Ta tocilar kuwa ban ko kalle ta sau biyu ba, don a gidanmu in ana suyar kifi alam ɗin hayaƙi ya yi ƙara, kujera yake hawa ya zare batirin ya sa a aljihu, sai na tsince shi ranar wanki. Na nuna ta ukun na ce a ba ni biyu, kuma mai ɗan gilashi a fuska da ke nuna lamba, saboda ina so in gani da idona, ba sai ta yi ihu ba. Na fito shagon ina jin na yi wa mijina dabara.

Kafawar ce ta zama rigima. Shi ya ce a manna ta a rufi, kamar ta hayaƙi. Da na ƙi, ya ce to a sa a ƙasa kusa da dabe, don ya ji maƙwabcinsa na jirgi yana cewa gas nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya. Na ce wannan gas ɗin girki ne, shi ma yana da tasa na'urar, kar ya haɗa min biyu. Ita wannan iskar ba ta hawa sama ta tsaya, ba ta sauka ƙasa ta kwanta, gauraya take yi da wadda kake shaƙa. Inda hancin mutum yake, nan ya kamata ta kasance.

Ya zagaya ya nuna min gefen ƙofar shiga, ya ce nan ya fi kyan gani. Na ce nan iskar waje ke kaɗa ta, za ta yi ta ce maka lafiya lau alhali can ciki ana mutuwa. Ya nuna saman risho. Na ce nan kuma ko ruwan shayi ka ɗora sai ta yi kuka, kwana kaɗan ka tsane ta. Ya nuna wani lungu bayan labule, inda ba za ta ɓata masa katakon da ya sha wahalar gogewa ba. Na ce lungu iska ba ta zagaya shi, kuma labule zai toshe mata baki. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "To Hajiya, ke da jirginki."

Na cire takalmi na rarrafa kan gadon nan mai kusurwa uku, na kwanta a gefen da yake kwanciya, na sa kaina a matashinsa. Rufin yana dab da fuskata. Ina jin ruwa yana lasar jikin jirgin daidai kunnena, katako da roba kaɗan ne tsakanina da shi. Nan na fara gane abin da yake ji a wurin, shiru ne irin wanda babu shi ko'ina a garin nan, ba jiniya, ba ƙarar sabwe, ba na sama yana jan kujera. Nan kuma na ƙara jin tsoro, don mutum zai iya tafiya a wurin nan ba wanda ya sani sai la'asar ta wuce. Na miƙa hannu na dafa bangon da ke kusa da kaina, ɗan sama da matashi, na ce a nan. Ta biyun muka sa a babban ɗakin, daidai kan mutum in yana zaune a benci, nesa da risho, nesa da ƙofa. Kowacce tana da ɗan faranti da ake ɗaurawa a bango, sai a zura ta a kai. Na danna maɓallin gwaji, ta tsala wata ƙara da ta sa tsuntsayen kan gadar katakon da ke gefen jirgin suka watse. Alhaji ya toshe kunne ya ce wannan ko matacce sai ya tashi. Na ce abin da na saya ke nan.

Ban tafi ba sai da muka gwada komai. Ya tayar da inji muka zauna muna kallon gilashin, lambar ba ta motsa ba. Ya kunna risho ya dafa mana shayi, ba ta motsa ba. Ya dube ni da fuskar wanda ya ci gardama. Na ji daɗi, amma wani ɓangare na raina bai kwanta ba, don ciwon kai ba ya zuwa haka kawai.

Bai kuma daina zuwa ba. Ya ci gaba da dawowa yana dafe da goshi, ba kullum ba, amma sau da yawa, musamman ranar da aka yi sanyi. In na ce alam ɗin ya yi ƙara? Ya ce ko tari bai yi ba. Na auna jininsa, daidai. Na sa aka duba idonsa, daidai. A cikin kwanakin ne na lura kwalbar turaren wutata tana ƙasa da sauri. Ni nake haɗa abina da kaina, da itacen sandal da kajiji da jawi da nake sa a kawo min daga gida, kuma na san yadda yake tafiya. Na kama autar da faɗa, na ce in za ta kai wa ƙawayenta ta tambaya mana. Ta rantse da Turanci ba ita ba ce. Ban yarda da ita ba, don rantsuwar Turanci ba ta cika shiga raina ba.

Wata rana aka sallame mu daga aiki da wuri. Ana yayyafi, garin ya yi duhu-duhu tun da rana. Na biya gida na zuba masa funkaso da miyar taushe a kula, na ce bari in kai masa can ya ci da zafi. Ban kira shi ba.

Tun daga kan gadar katakon da ake bi a isa jiragen na hango wata farar leda a rataye a ƙarfen bayan jirginmu, iska na kaɗa ta. Da na matso na ga abin da ke ciki. Na'urorina ne guda biyu, a waje, cikin iskar Allah, an ɗaure bakin ledar da kyau don kar ruwa ya taɓa su. Ƙofar ɗakin a rufe ruf. Kafin kaina ya gama haɗa lissafi hancina ya riga ya gane, don ƙamshin turarena ne yake fitowa ta tsagar murfin ƙofar.

Na ture murfin da dukkan ƙarfina. Hayaƙi ya taso ya bugi fuskata. Yana zaune a dabe ya jingina da benci, ga ƙaramin kaskona da na daɗe ina nema a tsakanin ƙafafunsa, cike da garwashin gawayi, ya lulluɓa mayafi a kansa ya sunkuya a kai, yadda mata ke yi wa kaya. Ya ɗago a hankali, idonsa jawur.

"Hajiya, ke ce?"

Muryar a sanyaye take, kamar ta mai magagin barci. Ban san da wane ƙarfi na fito da shi ba. Na dai san na zaunar da shi a waje cikin yayyafi, na koma na riƙe numfashi na ɗauko kaskon na tsoma shi a ruwa, ya yi cuu. Na zaro na'ura ɗaya daga leda na ajiye a kan matakala, na je na buɗe murfin tagar da ke gaban jirgin. Ko da na dawo lambar ta hau, ba a jima ba ta fara ihu. Na bar ta tana yi, don ya ji da kunnensa.

Sannan bakina ya buɗe. Na ce, "Alhaji, kashe kanka za ka yi? Ka bar ni in ce wa mutane me? In ce turarena ne ya kashe mijina? Da girmanka, da furfurarka, ka cire abin da aka sa don ranka ka rataye a waje kamar shanya? Kuma ka dubi idona ka ce ko tari bai yi ba!"

"Ai bai yi ba," ya ce. "A waje yake."

Da ba don halin da yake ciki ba, da kular abincin nan ta sauka a kansa. Hawaye na zuba, ban ma san ina kuka ba. Na kama hannunsa ina jin bugun jininsa, na ce ya yi ta jan numfashi. Ya yi ta ja. Can da idonsa ya ɗan washe ya fara magana, ba ya kallona, ruwa yake kallo.

"Ranar farko saboda ke na kunna. Kin ce kayana suna warin danshi. Na ce bari in turara wurin. Sanyi ake yi, na rufe ko'ina. Sai na ji shi, Hajiya."

"Ka ji me?"

"Ƙamshin. Kaɗan, kamar daga wani gida can. A falo kina kunnawa kullum ban taɓa ji ba, wurin ya yi faɗi. Nan in na rufe ya taru, sai ya zo. Kajijin nan. Ɗakin Inna ke nan sak, in ta gama shara da yamma." Ya share fuskarsa da mayafin. "Da kika kawo abin nan, ina kunna turaren yana ihu. Na san me yake nufi, ni ba yaro ba ne. Cewa nake yi kaɗan zan yi in buɗe. Kin san tun yaushe rabona da jin ƙamshin wani abu? Abincinki ma da ido nake ci."

Wannan ta ƙarshen ita ta kashe min jiki. Mutumin nan kullum in ya gama cin abinci sai ya ce miyar ta yi daɗi, ni kuma in karɓa in wuce. Innarsa ta rasu yana nan, takardunsa a lokacin ba su ba shi damar zuwa ba, kuma ban taɓa jin ya yi kukanta a gabana ba. Tausayinsa ya kama ni har fushin ya rasa wurin zama. Amma fushi ko tausayi, sai da na sa shi a mota muka je aka duba jininsa, aka sa masa iskar oksijin na wasu awoyi. Sai bayan isha'i aka sallame mu. Funkason a kan jirgin muka manta shi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na zargi inji, na zargi risho, na karanta takardar cikin kwali daga farko har ƙarshe, gawayi bai taɓa zuwa min a rai ba, alhali na san shi ma yana fitar da iskar nan, har ya fi. Dalili kuwa, turaren wuta a wurinmu ba ya cikin jerin abin tsoro. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake gyara ɗakin mai jego, da shi uwa ke sallamar rana. Iyayenmu sun yi ta kunna shi a cikin ɗaki ba abin da ya same su, saboda ɗakunansu suna numfashi. Akwai tsaga a ƙarƙashin ƙofa, taga ba gilashi, labule ne kawai tsakaninka da tsakar gida. Shi kuwa jirgi an ƙera shi ne don kar ɗigon ruwa ya shiga, kuma inda ruwa bai samu hanya ba iska ma ba ta samu. Mun ɗauko al'adar da aka yi don gida mai tsakar gida mun shiga da ita cikin kwalba. Mai shagon nan da ya lissafa min duk abin da ke kawo iskar guba a jirgi, har da janaretan maƙwabci, ba yadda za a yi ya kawo kasko a lissafinsa.

Na nemi mafita. Na sayo abin ƙona turare na lantarki, wanda ba ya buƙatar gawayi, na kunna masa a banɗakin gida, tunda shi ne ɗakinmu mafi ƙanƙanta. Ya shiga ya zauna a bakin baho kamar wanda ke jiran likita. Ya fito yana tari ya ce zafi kawai yake ji a hanci. Muka gwada a jirgin, murfi a ɗan buɗe, nan ma babu. Ban san dalili ba. Wata rana ina kan hanyar aiki wani tunani ya zo min. Wataƙila ba hancinsa ne yake jin ƙamshin ba. Wataƙila iskar ce, in ta fara taɓa kansa ta sassauta shi, sai ɗakin Inna ya taso masa daga inda yake ajiye. Ba ni da tabbas, kuma ban faɗa masa ba. Har yau ban faɗa masa ba.

Abin da na faɗa masa shi ne ya zaɓa, ko kasko ko jirgi, don ba zan iya zaman jiran wayar mugun labari ba. Na faɗa a tsaye, da muryar da nake yi wa majinyacin da ke ɓoye magani a ƙarƙashin matashi. Bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya fi min ciwo. Ranar Asabar muka koma tare. Wannan karon na sa an ƙara ɗan ƙarfe a kan kowace na'ura, yadda ba za ta zaru daga farantinta ba sai da sukundireba. Shi da kansa ya ɗaura, ya ja ya ga ba ta motsi, ya miƙo min sukundireban ya ce in tafi da shi gida. Na karɓa na sa a jaka. Na san rayuwarsa na tsare, na kuma san abin da na ƙwace masa.

A ƙarshen kaka ake fitar da jirage daga ruwa a jingine su a tudu har bazara. Ranar da za a fitar da nasa na bi shi. Muna jiran layi ya zo kanmu, na ce ya zo mu zauna a kan duwatsun bakin ruwa, nesa da jiragen. Na buɗe jakata na fito da kaskon da ɗan gawayi da kwalbar turaren. Na sha wahalar kunnawa don iska, sai da ya kare min da jikinsa. Da garwashin ya kama na barbaɗa turaren, hayaƙin ya tashi ya karkata ya bi ruwa.

Ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da kaskon, ya ja numfashi mai tsawo. Ya sake ja. Ya ɗago ya zauna daidai.

"Yana tashi?"

"Yana tashi, Alhaji."

"To gaya min."

Ban taɓa sanin ƙamshi yana da wuyar faɗa ba sai ranar. Na ce sandal ne ya fara fitowa, mai ɗan zaƙi. Na ce yanzu jawin ya biyo, shi ya fi kaifi, yana ɗan kama maƙogwaro. Na ce ga kajijin nan a ƙarƙashinsu, yana zuwa a hankali, irin na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa aka share. Ya rufe ido, hannuwansa a kan gwiwa. Na tsaya ina kallon fuskarsa ko zan ga wani abu.

"Ka ji?"

"Ban ji ba," ya ce. "Ci gaba da faɗa."

Na ƙara turare a kan garwashin na ci gaba.